Filas Mai Shuɗin Zare

Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin Sirkka Oinonen ya haddace maganarta guda ɗaya, ko yana so ko ba ya so: "Daga hannunka zuwa bakin ɗan wasa, ko ɗigon ruwa ban yarda ba." Ita ce shugabar ɗakin gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari a gasar duniya ta tseren kan dusar ƙanƙara da aka kawo garinsu a arewacin Finland. Ƙa'idar ɗakin ba ta da wuyar ganewa. Ɗan wasa ya gama tsere, a sa masa mai rakiya wanda ba zai ɗauke ido daga kansa ba har sai ya ba da fitsari, a rufe kwalba da hatimi, a aika ɗakin bincike. In ƙishi ya dame shi, ga ruwan gora nan a rufe, ya zaɓa da kansa, ya buɗe da kansa. Sirkka ta taɓa korar wani dattijo daga aikin don ya miƙa wa ɗan wasa alewa, kuma ta yi barcinta lafiya lau a ranar.

Mace ce mai tsauri, amma ba muguwa ba. A gida tana da Aulis, mijinta, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar a kujera, ya karkace masa baki, amma ya kasa raba shi da tsokana. Haɗiyar ƙwaya ta gagare shi, don haka kowace safiya Sirkka takan niƙe masa maganinsa na rage ruwan jiki, ta dama a cikin kunun mustikka, 'ya'yan dajin nan shuɗɗa da suke tsinkowa da kaka. Sai ta zuba a filas ta ajiye masa kusa da talabijin, ta zuba nata a wani. Filas ɗin iri ɗaya ne sak, jajaye, kyautar bikin aurensu. Shuɗin zare da ta ɗaura a wuyan na Aulis shi kaɗai ya bambanta su.

Ranar da abin ya faru, sanyi ya yi sanyin da har 'yan garin ma sun daina alfahari da shi. Da yamma aka shigo da wata yarinya 'yar Kazakhstan mai suna Meruert, wadda ta zo ta uku a gajeren tsere ba tare da kowa ya zata ba. Gashin idonta ya yi fari da ƙanƙara, tana dariya tana kuka lokaci guda. Tana shigowa na'urar ɗumama ɗakin ta mutu. Sirkka ta tura mai rakiyar ya nemo mai gyara, likitan ƙungiyar yarinyar kuma ya ruga ɗauko mata bargo, sai ya rage su biyu.

Fitsari ya ce bai san zancen ba. Meruert ta shanye gora ɗaya, ta soma ta biyu, ruwan kuwa har ya fara daskarewa. Haƙoranta suka shiga haɗuwa, leɓenta ya koma shuɗi.

"Apa," in ji ta, yadda suke kiran babbar mace a ƙasarsu, "in na mutu a nan, a rubuta cewa na mutu ina ta uku a duniya."

"Ba wanda ke mutuwa a ɗakina sai ya cika kwalba," in ji Sirkka.

Ta faɗa ne fuska a ɗaure, amma idonta na kan hannun yarinyar, wanda ya kasa riƙe gora. Sa'ar 'yarta ce ta ƙarshe. Filas na nan a cikin jaka, tun safe aiki bai bari ta buɗe shi ba. Ta dubi ƙofa, ta dubi yarinyar, sai kawai ta ga hannunta yana tsiyaya kunu a murfi.

"Maza ki shanye. Ba ki gan ni ba, ban gan ki ba."

Meruert ta kafa kai, ta shanye, ta miƙo murfin aka ƙara mata. "Akwai ɗan ɗaci," ta ce, "amma wallahi ya fi lambar yabon da na ci daɗi."

"Haka na daji yake," in ji Sirkka, ta mayar da filas cikin jaka.

Bayan ɗan lokaci abin da ake jira ya zo, ya kuma zo da yawa. Jorma, mataimakin Sirkka, wanda ya shigo a ƙarshe, sai da ya ce a kawo bokiti. Aka yi dariya, aka rufe kwalabe, aka sa hannu, mota ta tafi da su.

Da ta koma gida ta tarar da Aulis ya ɗora ƙafafunsa a kan matashi, sun yi suntum, safa ta nutse a cikin nama.

"Yau dai kin koyi girki," ya ce da karkataccen bakinsa. "Kunun babu ɗaci ko kaɗan. Shekara nawa ina shan azaba, ashe kin iya."

Sirkka ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ta dubi filas ɗin da ke gabansa, wuyansa babu komai. Ta zuge jakarta a hankali, kamar mai tsoron abin da ke ciki zai sare ta, ga shuɗin zare nan yana kallonta. Maganin Aulis yana cikin jerin haramtattun magunguna, domin da irinsa masu maguɗi suke wanke jikinsu kafin gwaji. Ita da bakinta take koya wa sababbin ma'aikata sunansa. Ta zauna a kan akwatin takalma.

"Lafiya?" in ji Aulis.

"Gajiya ce."

Nan ne fa ya kamata ta ɗaga waya. Ta san lambar, ta san wanda zai amsa, ta san da ta yi magana a ranar da an soke samfurin an sake ɗaukar wani. Amma mutum in yana neman mafaka, zuciyarsa gwanar gini ce. Murfi biyu ne kawai, ta ce wa kanta, wataƙila ba zai nuna ba. In kuma ta yi magana, lauyoyin duk wani maƙaryacin da aka kama a ɗakinta za su yi ca, su ce shugabar ma tana ɗura wa mutane abu. Ta ce don aikin take yin shiru. Ƙarya take yi, kuma ta san ƙarya take yi. Kunya take tsoro, da fuskar dattijon nan mai alewa, da Aulis wanda duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa talabijin ya ce matarsa ce ke tsare mutuncin wasan nan.

Kwanakin da suka biyo baya ta yi aiki kamar inji. Ta ƙara tsanani, har ta yi wa wata mai rakiya tatas a kan ta bar ɗan wasa ya juya mata baya. Kofi ya daina mata ɗanɗano. Sau ɗaya ta haɗu da Meruert a hanyar ɗakin cin abinci, yarinyar ta ɗaga mata hannu tana murna, ta ce, "Apa, ki zo ranar ƙarshe! Gajeren nan tsautsayi ne, dogon tsere shi ne nawa. Babana ya sayar da dawakinsa biyu ya taho kallo." Sirkka ta gyaɗa kai ta wuce da sauri kamar ana kiranta.

Ana jajibirin rufe gasa sakamako ya dawo. Jorma ne ya kawo labarin, yana cin burodin kirfa yana zubar da ɓurɓushi a kan tebur.

"Kin tuna mai bokitin nan? To ta faɗa. Maganin wanke jiki. Ni dama na ce wannan ambaliyar ba ta banza ba ce. Ga fuska kamar ba ta san komai ba, ashe gwana ce." Ya lashe yatsa. "An dakatar da ita, gobe ba za ta yi tsere ba."

"Me ta ce?"

"Abin da duk suke cewa mana. Kwamiti ya tambaye ta ko wani ya ba ta wani abu, ci ko sha, ko a ina ne. Ta ce babu, sai abincin ƙungiya da ruwan gora. Sau uku ana maimaita mata, tana cewa babu. Likitanta har kuka ya yi. Ke kuma me ya same ki? Kin yi fari kamar bango."

Sirkka ta ce sanyi ne. Ta shiga banɗaki ta kulle, ta tsaya tana kallon kwalaben da ba a yi amfani da su ba. An ba yarinyar ƙofar fita, sau uku, ta ƙi bi ta kan Sirkka. Wannan ya fi komai ci mata rai, amma duk da haka ta fito, ta ƙarasa aikin ranar, ta tafi gida bakinta a rufe. Wanda ya ce tsoro ba ya da ƙarfi bai taɓa jin irinsa ba.

Da safe tana niƙa ƙwayar da bayan cokali, Aulis yana kallon labarai. Aka nuna Meruert tana fita daga wani gini, 'yan jarida sun yi mata rumfa, wani tsoho mai hular gashi yana kare ta da hannunsa.

"Allah wadai," in ji Aulis. "Dubi uban, abin tausayi. Gara da kika kama ta, Sirkka."

Cokalin ya faɗi. Ta juyo ta gaya masa komai, a tsaye, ba ta rage ko kalma ba.

"Ranar da kunu ya yi daɗi?" in ji Aulis.

"Ranar."

"Kuma tun ranar kin sani?"

Ta sunkuya ta ɗauki cokalin. Ya miƙa hannunsa mai lafiya ya turo mata kwalin maganin. "Ɗauki ki tafi. Ni zan iya kwana da kumburi."

Shugaban kwamitin ya saurare ta har ƙarshe, filas da kwalin magani a gabansa. Mutum ne mai sanyin magana, bai zage ta ba, da ma ya zage ta da ta fi jin daɗi. Ya karɓi katin aikinta. Ya ce za a sake zama, kuma yana ganin za a wanke yarinyar. Amma sai an gwada filas ɗin, sai an tara mutanen kwamiti, ga shi an riga an rufe sunayen masu tsere tun jiya.

"Da kin zo ko da jiya ne da rana," ya ce, ya ga ba ta buƙatar a ƙarasa mata.

Ta fita zuwa filin. Jama'a sun cika maƙil, ana kaɗa ƙararrawa, hayaƙin gasa tsiren nama yana tashi. 'Yan tsere sun jeru a bakin layi suna buga ƙafa. Can gefe, bayan shinge, wajen da 'yan kallo suke, ta hango Meruert cikin ƙatuwar rigar sanyi, babu lamba a ƙirjinta, mahaifinta na tsaye kusa da ita. Sirkka ta ratsa jama'a har wajensu.

"Na gaya musu," ta ce.

"Na ji. Likita ya kira ni yanzu."

"Kunun ne. Maganin mijina ne a ciki, na ɗauki filas ɗinsa ban sani ba."

"Na san kunun ne, Apa. Ban san da zancen miji ba, amma tunda aka faɗa mini na sani. Ban sa komai a bakina ba ranar wanda likitanmu bai gani ba, sai shi."

"To me ya hana ki faɗa? Sau uku aka tambaye ki!"

Meruert ta dube ta, idanunta sun kumbura, amma babu faɗa a cikinsu. "Ina rawar sanyi kika ba ni abu mai ɗumi. A gidanmu ba a kai ƙarar irin wannan mutumin. Na ce wa kaina za ki zo da kanki. Jiya a gaban kwamitin, duk wanda ya taɓa ƙofa sai na waiga."

Tsohon ya tambayi 'yarsa wani abu da yarensu, ta amsa masa a taƙaice, sai ya cire hularsa ya ɗan rusuna wa Sirkka. Ba ta san abin da aka gaya masa ba, kuma ba ta da ƙarfin tambaya.

"Shi mijin naki," in ji Meruert, "da na shanye masa magani, bai dai wahala ba ko?"

Kafin Sirkka ta sami abin cewa, aka harba bindigar fara tsere. Kafaɗun yarinyar suka zabura gaba da kansu, gwiwoyinta suka lanƙwashe, hannuwanta suka damƙi sandunan tseren da babu su. Sai ta tuna, ta miƙe a hankali, ta cusa hannuwan cikin aljihu. Suka tsaya su uku a bakin shinge suna kallon sauran har suka shige cikin daji.