Ranar da Shanun Tagriss Suka Ɓace daga Allo

Rahinatu ce ta rubuta manhajar da ƙungiyar makiyaya ta Dakoro ke ƙidayar shanu da ita. Wakilai kan cika ta a salula, ita kuma ta haɗa takardun garuruwa ta tura Yamai, inda ake raba allurar rigakafi gwargwadon shanun kowa.

Ran Alhamis, saura awa biyu a rufe karɓa, na'urar Yamai ta maido mata da aikinta. Dalili kuwa, kowace takarda tana farawa da wani ɗan layi, <?xml ?>, mai shelar irin rubutun da ke tafe. Sau ɗaya ake son sa, can sama, kamar sallama a ƙofar gida. Nata ya fito sau goma sha huɗu, ɗaya daga takardar kowane gari da ta haɗa.

Saminu, abokin aikinta, hannunsa ya fi kansa sauri. Kafin ta idar da azahar ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya ya goge layin farko.

"Na gama, Madam. In tura?"

Ta leƙa allon. Adjekoria dubu uku, Bader Goula dubu biyar, Tagriss sifiri.

"Tagriss babu saniya ko guda? Haba Saminu! Kuraye suka cinye su jiya?"

Sai ta gano abin da ya faru. Tsofaffin salulolin wakilan Tagriss ba sa yanka layi. Shela da sunaye da shanu duk a layi guda suke. Da ya goge shi, ya kwashe garken yankin kaf. In aka tura haka motar allura ba za ta je ba, ga ciwon huhu ya riga ya ɓulla a rijiyoyin arewa.

Bakinta na ƙaiƙayi, amma ba lokacin faɗa. Ta maido da takardun asali, ta shiga manhajar daidai inda ake juya bayanai su zama rubutu, ta ba ta umarni: kada ta ƙara rubuta shela sai guda ɗaya a sama. Ta tura. Yamai ta karɓa, Tagriss dubu tara da ɗari biyu cif.

Bayan kwana takwas tsoho Jimrau, shugaban makiyayan Tagriss, ya bugo waya, kukan shanu na tashi a bayansa.

"Ɗiyata, an yi ma garke allura, ko maraƙi ba a bari ba. Ki gaishe mini da masanan Yamai da suka yi wannan aiki."

Rahinatu ta gyara zama, daɗi ya cika ta har wuya.

"Wace Yamai, Baba? A nan Dakoro aka yi shi, kuma da hannuna."