Karce Uku-Uku

Da kwamitin gyaran ɗakin taron ƙauyenmu suka ba ni aikin ƙofa, cewa na yi a yi sabuwa. Suka ce ina, wannan tarihi ce. Tarihin da gara ta ci rabonta ta bar musu saura.

Labarin ba wanda bai sani ba. Shekarar ambaliya mutum arba'in suka fake a ɗakin, Babana ya danna sakata, ya tokare ƙofar da bayansa har ruwa ya janye. Saboda haka za a rubuta sunansa a bango ranar buɗewa. Ni lokacin ina cinyar Gwaggo. Innata kuwa, an ce tun a bakin rafi ruwa ya tafi da ita.

Na kwantar da ƙofar a rana, na kankare fenti hawa biyar. Ƙarƙashin na ƙarshe, ta waje, sai ga karcen farce ya nutse cikin katako, uku-uku. Abu ɗaya Gwaggo ta taɓa faɗa min game da Inna: injin niƙa ya cinye mata yatsa ɗaya, ban da babban yatsa uku suka rage mata a hannun.

Baba ya dogaro sandarsa ya zo, ya duba.

"Cike shi," ya ce.

"Baba, hannun wa ke nan?"

"Kafinta kake ko alƙali? Cike shi."

Na kwaɓa garin katako da gam na cike, na goge, na shafa fenti, ina jin kunyar kaina. Kafin fentin ya sha iska cikon ya zubo, ruwan laka na tsattsafowa daga karcen, alhali rabonmu da ruwan sama wata huɗu. Sau uku ina yi, na haƙura. Na kafa ƙofar, sakatar kuwa na jefa ta aljihu.

Ranar buɗewa, da hantsi, shugaban kwamiti na tsakiyar yabon Baba ƙofar ta rufe kanta. Sai muka ji ana karce ta daga waje, a hankali.

Yara suka waiwaya. Tsofaffin kuwa duk suka sunkuyar da kai, ba wanda ya ce wane ne. A nan na gane ba Baba kaɗai ya ji Inna ba ranar ambaliyar.

Baba ya yar da sanda, ya je ya tokare ƙofar da bayansa, yana laluben inda sakata take.

"Ɗana," ya ce, "ina sakatar?"

Ban ba shi ba.