Adakar Malam Takama

Shekaru kaɗan bayan tafiyar Faransawa, Safara'u tana zaune a gidan ubanta a Alela. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ta dawo gida. A ɗakinta adakar littattafan mahaifinta Malam Takama take. Yawancinsu da hannunsa ya rubuta, sauran kuma a kan jaki ya kawo su daga Sakkwato. Ita karatunta bai yi nisa ba, amma duk bayan damina ita ke fito da su ta kakkaɓe, ta sha musu iska.

Wata ranar kasuwa sai ga Mas'udu, ɗan ƙanenta marigayi Liman Labo, wanda ke koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Konni, inda ake ce wa malami Mushe irin na Faransawa. Tare yake da wani baƙo siriri mai tabarau, wai shi Malam Tanimun, daga wani buro, wato ofishin gwamnati, a Yamai.

"Gwaggo, ba ɗauka za shi yi ba," in ji Mas'udu. "Dubawa kawai, shi rubuta sunan kowane littafi da wanda ya rubuta shi."

"In ba ɗauka za shi yi ba, mi za shi yi da sunan?"

Mas'udu ya yi ta bayani, ita kuwa idonta na kan jakar baƙon. Ta ga girmanta ya yi yawa ga mai zuwa dubawa kawai. Daga baya ta yarda, amma a zaure, a gabanta, kuma gafaka ɗaya ba ta fitowa sai ɗaya ta koma.

Haka aka fara. Kullum da hantsi Malam Tanimun ya shimfiɗa buzu, ita ta zauna a bakin ƙofa da mazarinta kamar kaɗi take yi. Sai ta lura yana zare wasu warƙoƙi daga tsakiyar littafi yana turawa ƙarƙashin gwiwarsa. Ta ƙyale shi ya yi na farko, ya yi na biyu. A na uku ta ajiye mazarin.

"Malam, abin da ka danne da gwiwa, hiddo shi."

Ya fito da su ba gardama. Ya ce sun ɓata wuri ne, na wani littafin ne na gado, sun faɗa cikin na tauhidi. Ya nuna mata kalmar da ke gindin shafi, ya buɗe ɗayan littafin, ga ta nan a farkon shafi na gaba. A gabanta ya mayar da su. Ta ce to. Duk da haka da ya tashi salla sai da ta ɗaga buzun ta girgiza. Ta kuma roƙi Asabe, maƙwabciyar da ke kai masa tuwo, ta riƙa leƙa jakar nan. Asabe ta ce tufafi ne kawai da farar takarda.

Ranar da aka gama, Mas'udu ya zo daga Konni. Malam Tanimun ya ɗaure gafaka ta ƙarshe, ya dubi tsohuwar.

"Inna, saura sunan da za a san su da shi gaba ɗaya. Mushe Mas'udu ya ce a sa Taskar Liman Labo, tunda bayan kaka za a kai su Konni."

Safara'u ta juya a hankali. Mas'udu ya sunkuyar da kai.

"Wa za shi kai su Konni?"

"Gwaggo, na so in gaya miki. Can ɗakin siminti ne, babu yoyo, babu gara. Malamai za su amfana."

"Labo ƙanena ne, ni na goya shi, Allah shi jiƙan shi. Amma ko shafi guda bai rubuta ba cikin adakag ga. Kai kuma wa ya ba ka?"

Malam Tanimun ya cire tabaransa, ya ce wallahi shi ya ɗauka da saninta ne. Ta dube shi da kyau, ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba.

"Rubuta Malam Takama. Rubuta Alela."

Ya soke na farkon ya rubuta. Ta sa ya karanta mata da ƙarfi, sannan ta kira liman na yanzu ya sake karanta mata, don ta ji ko bakinsu zai zo ɗaya.

Da baƙon ya tafi, ta tura adakar ƙarƙashin gadonta. Ta daɗe tana juya maganar. Ko da gaske tsoron gara Mas'udu yake yi? Ko suna yake nema wajen manyan Yamai da abin da ba nasa ba? Ta kasa tsayar da ɗaya.

Da Salla Mas'udu ya zo gaisuwa. Ta amsa masa da kyau, ta dama masa fura, amma a tsakar gida ta shimfiɗa masa tabarma. Yana sha ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakinta, ya ce ko ya turo magini ya yaɓe shi kafin ruwa ya sauka. Ta ce ya bari, rufinta lafiya lau.

Da daminar ta kankama, kusurwar gabas ta fara ɗiga. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ja gadon da adakar zuwa ɗaya gefen, ta tara tukunya a wurin.