Turare a Jirgin Alhaji Habib

Gumsu mai sayar da turare ta tuɓe takalmanta a gindin matakalar jirgin saman, ta hau a hankali, kasko a hannun dama, kwalbar turaren wuta a hagu.

"Shigo mana, Ya Gumsu, ai ba ya cizo," in ji Hajiya Lubna, matar mai jirgin. "Kin ji warin nan? Taba ce. Wani Bature ne ya sha hawansa kafin Alhaji ya saya. Gobe malamai za su yi masa addu'a, ba na so kowa ya gane na hannu ne."

Gumsu ta dubi kujerun fata guda takwas, farare tas, kowace ta isa mutum ya miƙe ƙafa. Kujera ɗaya tak take nema.

Mijinta Ajimi tela ne a unguwar Bolori, ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Injinan wankin ƙoda sun yi kaɗan a asibiti, layi ba ya zuwa kansa. Likita ya ce a kai shi Kano, amma jikinsa ba zai ɗauki doguwar hanyar mota ba. Duk unguwa an san Alhaji Habib aka ba kwangilar kawo sababbin injinan, an kuma san ba su iso ba. Jirgi ne ya iso. Gumsu ma ta sani. Sai dai ta ji cewa yau da la'asar jirgin zai tafi Kano ɗauko malaman, ba kowa a ciki. Tun safe take bitar abin da za ta faɗa wa Alhaji.

"Yi masa irin na ɗakin amarya," in ji Hajiya. "Ya kama kujerun sosai."

Gumsu ta durƙusa, ta hura gawayi har ya yi ja, ta zuba turarenta mai kyau, wanda ba ta sayarwa. Hayaƙi ya tashi a natse, ya bi rufin jirgin.

Sai hayaƙin ya sa wata na'ura ta ƙwala ƙara a saman kanta. Ta zabura, gwiwarta ta bugi kaskon, garwashi ya gangara kan kafet.

Matuƙin jirgin, Manasse, ya faɗo ciki a guje yana tattake wutar da takalmi. "Wuta? A jirgin da aka cika da mai? Mama, so kike ki kashe mu?"

"Ni turare na ce ta kawo," in ji Hajiya, ta kau da kai. "Ban ce ta kunna ba."

Ana cikin haka Alhaji ya iso. Bai dubi kowa ba. Ya tsuguna da babbar rigarsa, ya sa yatsa yana shafa ƙunar kafet ɗin a hankali, kamar mai duba ciwon ɗansa.

"Ranka ya daɗe," in ji Gumsu, "mijina ne ba shi da..."

"Daga ƙasar waje ake kawo irin wannan," Alhaji ya ce da matuƙin. Sannan ya ɗaga hannu. "A fitar da ita."

* * *

La'asar ta yi sanyi kafin keke napep ya sauke ta a bakin lungunsu. Ta tarar da Ajimi zaune a kan benci a ƙofar gida. Ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Juma'a, ga 'yar jaka a gefe. Maƙwabta ne suka kamo shi suka fito da shi.

"Wushe, Gumsu, sannu da dawowa. Kin daɗe. Ƙarfe nawa Alhajin ya ce mu je?"

Ta buɗe baki, sai rugugi ya taso daga wajen filin jirgi. Yaran lungu suka fito suna tsalle suna ɗaga hannu. Ajimi ya ɗaga kai ya bi jirgin da ido har ya zama ɗigo, ya ɓace. Sannan ya dubi matarsa.

Ya sunkuya da ƙyar, ya ajiye takalman da ke kan cinyarsa a ƙasa, kusa da kumburarrun ƙafafun da suka ƙi shiga cikinsu.