Dutsen Baba Tela

Tun da aka kwantar da Dogo a ɗakin masu karaya ya daina salla. Direban babbar mota ne. Birki ya ƙwace masa a gangara, ya farka ya tarar da ƙafarsa ta dama a rataye, wani ƙarfe mai nauyi yana lilo a ƙarshen gadon. Likita ya ce ƙashin cinya ya karye wuri biyu, maganar komawa tuƙi kuwa a bar ta tukuna.

Duk sanda matarsa ta kawo abinci takan tambaye shi a hankali, "Maigida, ka samu ka yi azahar?"

"Da wane tsarkin? Mutumin da ake tura wa fo a kwance? Ki bari in tashi, na rama."

A gadon da ke kusa da shi akwai wani tsoho mai karayar ƙugu, kowa Baba Tela yake ce masa. Bakinsa ba ya hutawa. Ya san wanda ke minshari da wanda ke ɓoye ƙwayar magani a ƙarƙashin harshe, kuma duk ya raɗa musu suna. Yana da wani ɗan faffaɗan dutse da 'yarsa ta kawo masa don taimama, yana ɓoye shi cikin safa saboda Sista, babbar nas ɗin ɗakin, wadda ba ta yarda da duk abin da ba a goge da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba.

Wata rana da azahar tsohon ya zaro dutsen, ya juyo.

"Ɗana, taimake ni. Taimamar nan, da ƙafa ake farawa ko da kunne?"

"Babu ƙafa a taimama, Baba," in ji Dogo, ko kallonsa bai yi ba.

"Alhamdu lillahi. Da ma hannuna ba ya kaiwa can."

Sai ya hau goga dutsen a sanƙonsa kamar mai wanka da sabulu. Dogo ya kalla da gefen ido, ya kau da kai, ya sake kallo, ya kasa daurewa.

"Haba Baba! Miƙo nan."

Ya ɗora tafukansa a kan dutsen, ya shafi fuska, ya shafi hannuwa, ya mayar masa.

"To ai ga shi ka yi," in ji Baba Tela. "Kada ta tafi a banza, ta da kabbara kawai."

"Nuna maka na yi. Ban yi niyya ba."

"Au, har da niyya? Sake nuna mini, da niyyar a ciki."

Mai minsharin nan na gadon ƙarshe ya fashe da dariya har ya riƙe haƙarƙari. Dogo ya ja bargo ya rufe fuska.

Washegari tsohon ya zo da sabuwa. Wai allurar da ake masa tana sa shi mantuwa, jiya ya yi ta jero raka'o'in la'asar bai san inda ya tsaya ba, sai da mai shara ta zo ta wuce. Ya roƙi Dogo ya riƙa ƙirga masa. Dogo ya ƙirga, yana ɓata rai. Da magariba ma haka. Kwana kaɗan ya zama shi ke duba agogon bango yana cewa, "Baba, lokaci ya yi," sannan ya ji haushin kansa.

Ranar da abin ya fashe, likita ne ya zo zagaye, ya ɗaga hoton ƙafar ya ce ƙashin yana haɗuwa, amma za ta ɗan gajarta. Bayan fitarsa Baba Tela ya ce, "Ni fa na ga ƙirgar nan wahala ce. Ka yi kawai ina bin ka, ya fi sauƙi."

"Baba, ka ƙyale ni!" Muryar Dogo ta cika ɗakin. "Ranar da na yi hatsarin nan sai da na yi asuba a jam'i. Na yi addu'ar tafiya kafin in murza makulli. Me na rage? Yara na gida, ga ni a rataye kamar naman mahauci."

Tsohon ya ɗan jima yana murza safar da dutsen ke ciki.

"Ni alwala na tashi yi na zame," ya ce. "Buta na hannuna. Ka ga ni ma ina da abin faɗa. Kullum sai na faɗa masa, sau biyar, in ce ya Rabbi ga ƙugun nan dai, Kai Ka san hikimarka, ni ciwon na sani. Kai kuma ka tara maganarka a ciki kana sauke wa matarka da bargo. Su za su gyara ka?"

Da la'asar ta yi sai Dogo ya miƙa hannu a ba shi dutsen. Dutsen na tsakanin gadajen biyu Sista ta shigo da tiren magani.

"Mene ne wannan?"

"Na danne takarda ne, 'yata," in ji Baba Tela.

"Ina takardar?"

"Iska ta ɗauke. Shi ya sa ake dannewa."

Sista ta dubi tsohon, ta dubi hannun Dogo da ke miƙe. Ta ajiye tiren ta ce, "Ba a kan zanen gadona ba. Ku shimfiɗa tawul." Ta fita.

Dogo ya yi taimama, ya yi sallarsa a kwance, yana nuni da kai, fuskarsa na kallon inda gadon ya kalla. Tsohon ya bi shi. A raka'ar ƙarshe hawaye ya gangaro masa har cikin kunne.

Bayan 'yan kwanaki wasu mutane suka zo duba Baba Tela, suka durƙusa a bakin gado. "Liman, ya jikin? Masallaci ya yi kewarka. Na'ibi yana ta ja mana dogayen surori."

Dogo ya ɗago kai har ƙarfen ƙafarsa ya yi ƙara. Sai da baƙin suka tafi ya ce, "Liman? Kai ne mai fara taimama da kunne?"

"Na 'yan layin shagunanmu ne kawai, ɗan ƙarami."

"Ka sa ni jan liman salla!"

"Ka ja kuma ta yi. Sai dai kana sauri, kamar mai gudun a rufe hanya."

Dogo bai koma babbar mota ba. Wani mai makarantar koyon tuƙi ya ɗauke shi, yana zama gefe yana yi wa masu koyo faɗa. Amma wannan daga baya ne. Ranar da aka sallame shi, ya dogara sanduna ya tsaya a bakin gadon tsohon, ya ce a yafe masa tsawar da ya yi.

"Na yafe," in ji Baba Tela, yana auna ƙafafunsa da ido. "In na fita ka kawo mini wandunanka. Ƙafar daman nan tana son a rage mata yatsa biyu."