Makin Dona Zulmira

Ranar Talata takardar ta iso. Genivaldo, direban tasi a garin Contagem, ya karanta ta sau uku a bakin ƙofa. Kyamarar titi ta kama motarsa da gudu: maki huɗu.

A makaranta maki abin nema ne, a titi abin gudu. Kowane laifi da nauyinsa, uku, huɗu, biyar ko bakwai, kuma sai maki ya shekara yake goguwa. Genivaldo na da talatin da shida. Ranar da ya cika arba'in za a karɓe lasisinsa na tsawon watanni, shi kuwa ban da sitiyari bai iya komai ba, ko dafa ƙwai.

Sai dai doka ta bar ƙofa. Mai mota na iya faɗin wanda ke tuƙi a lokacin, su sa hannu su biyu, makin ya koma kan wancan. In ba a faɗa ba, na mai mota ne. Shi ya sa a unguwar, waɗanda suka fi kowa gudu a takarda su ne tsofaffin da ba sa iya hawa bene.

Tasa tsohuwar ita ce surukarsa, Dona Zulmira, mai shekara saba'in da huɗu. Rabonta da tuƙi tun rasuwar mijinta, amma ba ta fasa sabunta lasisi, kamar yadda ba ta fasa rina gashi. A bana kaɗai ta ɗauke masa maki talatin da biyu.

Ya same ta a kicin tana tace kofi. Ya ajiye biredin cuku mai zafi a gabanta, takardar a ƙarƙashi.

"Ina kuma na je wannan karon?" ta tambaya.

"Hanyar filin jirgi, Dona Zulmira."

"Ikon Allah. Ni da gwiwata ba ta kai ni coci." Ta gyara tabarau. "Ɗana, wata uwar mata akan kawo mata furanni. Ni laifi ake kawo mini."

"Wannan ne na ƙarshe, na rantse."

"Na ƙarshen ai ya yi jikoki."

Ya miƙa mata biro. Ta sa hannu a hankali, harafi bayan harafi, sannan ta dafe takardar da tafinta.

"Ran Asabar ni zan tuƙa mu kasuwa. Tunda hukuma ta ce na iya gudu, bari in ga abin da nake yi."

Ya gyaɗa kai, ta saki takardar. Makinta ya koma talatin da shida, daidai da nasa.

Ran Asabar ta sa matashi biyu a kujera don ta hango gaba. Motar ta mutu sau uku kafin su bar layi. Genivaldo na gefe, ya riƙe bel ɗin kujera da hannu biyu. Wani mai babur ya tsira da ƙyar, ya bar musu zagi.

"Birki na tsakiya ne, Dona Zulmira."

"Ina tuƙi tun kana tsotson yatsa."

Da suka hau babban titi, sai hannu ya tuna abin da kai ya manta. Ta sa giya ta uku, ta huɗu. Iska ta ɗaga rinannen gashin, tana murmushi irin wanda bai taɓa gani a fuskarta ba. Can gaba ya hango sandar kyamara da allonta. Iyaka sittin.

"A rage. Don Allah a rage. Mama, a rage."

Shekara ashirin da aure, yau ne ya fara ce mata Mama. Allon ya nuna gudunsu: saba'in da uku.

A bakin kasuwa ta tsaya, taya ɗaya a kan dakali. Genivaldo ya saki bel ɗin, ya juyo gare ta.

"Maki huɗu ke nan. Idan takardar ta zo, za ki sa hannu. Wannan kam da gaske ke ce."

Ta zare makulli, ta duba gashinta a madubi.

"In cika arba'in, yanzu da na gano ina son abin?" Ta jefa makullin a jakarta. "Motar da sunan wa take, ɗana? Ɗauko kwandon cefane."