Kawunan 'Yan Sandunan Zinariya

Da likita ya tabbatar mata tana da juna biyu, sai ya hana ta shiga ɗakin gwajin da take aiki da asid har sai ta sauka lafiya. Ita ma Dakta ake ce mata, amma ta binciken kimiyya. Ta yi murna, ta kuma yi kuka a ɓoye, don aikin da ta daɗe tana fama da shi ya zo gab da nuna.

Aikin kuwa na wasu 'yan sandunan zinariya ne, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da babbar na'ura. Kowace sanda an sa mata riga mai kamar gilashi. So take ruwan asid ya cinye rigar a kawunan biyu kawai, domin ƙwayoyin magani su manne a can, gefe kuma ya zauna a rufe. In aka yi jinkiri kaɗan, rigar duka ce za ta tafi.

Labarin ya kai kunnen tsohon malaminta, wanda ɗalibai suka laƙaba wa Baba Sake, saboda kome ka kai masa cewa yake a sake. Ya yi ritaya tuni. Wata safiya sai ga shi da tsohuwar farar rigarsa, maɓallin ciki ya ƙi shiga. Ya ce ya gaji da zaman gida, matarsa ma ta gaji da ganinsa, don haka Dakta ta ara masa aikin shi kuma ya ara mata hannu.

Haka suka fara. Ita tana tsaye bayan tagar gilashi riƙe da agogo, shi yana ciki yana ɗiga asid a kwalba, launin ruwan yana juyawa a hankali. In lokaci ya yi ta ƙwanƙwasa tagar, shi kuma ya tsayar. Karon farko ya makara, na'ura ta nuna sandunan tsirara. Ta rasa yadda za ta faɗa masa.

"Faɗi mana, 'yata," in ji shi. "Ai kin daɗe kina jiran wannan ranar."

"Baba, a sake."

Ya yi dariya har da tari.

A ranar ne ta lura hannunsa na rawa, yana dafe shi da ɗayan don kada ta gani. Washegari ya tarar da kujera da ɗan katakon jingina gwiwar hannu a gaban teburin. Ya dube su, ya dube ta, ya zauna.

Cikinta ya yi nauyi sosai kafin abin ya yiwu. Hoton ya fito da kawuna a buɗe, gefe lafiya lau. Idonsa ba ya gani da kyau, sai ta riƙa bin allon da yatsa tana gwada masa ɗaya bayan ɗaya.

Da ta haihu, ya zo barka da matarsa. Aka miƙo masa jaririyar, ya ce a dakata ya samu wuri tukuna. Sai da ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, sannan ya karɓe ta.